Kafanchan, Inda Dogo Ya Rabu Uku

Akwai wasu garuruwa a kudancin jihar Kaduna da sunansu kaɗai ya isa ya tona asalinsu. Jagindi biyu ce, akwai ta gari, akwai Jagindi Tasha. Haka Kamuru, haka Kutura da Iri, kowacce tana da ɓangaren da ake liƙa wa kalmar tasha, ko da Hausa ko da Turanci. In aka gangara jihar Nasarawa sai a iske Gudi da Mada, su ma haka abin yake. Ba kuwa tashar mota ake nufi ba. Jirgin ƙasa ne ya yi shekaru yana tsayawa a wuraren nan, mutane suka taso daga tsohon gari suka kafa rumfuna a bakin dogo, a kwana a tashi rumfuna suka zama gidaje. Uwar waɗannan tashoshi duka ita ce Kafanchan, hedikwatar ƙaramar hukumar Jama'a, wurin da dogo ya yi mararraba.

Ƙafa ɗaya ta nufi arewa maso yamma, ta bi ta Zonkwa, tafiyar kusan kilomita 180 zuwa Kaduna, inda ta haɗu da babban layin Legas zuwa Kano. Ta biyu ta bi ta Kagoro da Manchok, ta haye tsaunukan Filato har Jos, kimanin kilomita 100. Ta uku ita ce doguwar, ta kudu, ta Lafiya da Makurɗi da Inugu da Aba, sama da kilomita 700 kafin ta tsaya a bakin ruwa a Fatakwal. Duwatsun murhu uku ke nan, tukunyar da aka ɗora a kansu kuwa ita ce garin Kafanchan.

Ba don mutanen wurin aka girka murhun ba. Abu biyu ne suka ja hankalin Turawan mulkin mallaka: kwal da kuza. A 1909 aka gano kwal a tsaunukan Udi, kusa da inda Inugu take a yau. Don a fitar da shi ne aka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, aka fara shimfiɗa dogo daga can a 1913, ya iso Inugu a 1916. Yaƙin duniya na farko ya tsayar da aikin, sai bayan ƙura ta lafa aka ci gaba da turo layin arewa, ya kai Makurɗi a 1924.

A can kan tudun Jos kuma kamfanonin haƙar kuza suna da nasu ciwon kai. Da farko a ka ake ɗaukar kuzar, 'yan dako su yi kwanaki suna tafe da ita. Daga baya aka yi musu wani siririn layi daga Zariya, wanda ya isa Jos a 1914. Sai dai faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, na babban layi kuwa ƙafa 3 da inci 6. Ma'ana, taragon da ya taso daga Jos ba zai iya hawa layin Legas ba. Duk buhun da ya iso Zariya sai an sauke shi an sake loda shi a wani jirgin, haka duk injin da aka sayo daga Ingila za a kai ma'adinai. Da layin gabas ya matso, sai dabara ta zo: a yanki reshe daga jikinsa ya hau tudu kai tsaye, kuza ta gangara Fatakwal, kwal ɗin Inugu ya hauro. Wurin da injiniyoyi suka ga ya dace a yanki reshen shi ne wani fili a gindin tsaunukan Kagoro, a ƙasar mutanen Fantswam, waɗanda daga sunansu ne Bahaushe ya samo Kafanchan. Zuwa 1927 layi ya haɗe da Kaduna, reshen Jos ma ya buɗe. Siririn layin Zariya ya ci gaba da lallaɓawa har 1957, aka rufe shi.

Ko a lokacin da saura. Babu gada a kan kogin Binuwai, don haka a Makurɗi sai an ɗora taragai a kan jirgin fito an haye da su. Sai a 1932 aka buɗe gadar, jirgi ya fara wucewa daga Fatakwal har Kaduna ƙafarsa ba ta bar ƙarfe ba.

Wanda ya sha wuyar aikin ba ya cikin hotunan bikin buɗewa. Kamar yadda aka yi a layin Baro zuwa Kano, ta hannun sarakuna da hakimai ake tattaro leburori, da yawansu ba da son ransu ba. Da diga da shebur da kwando aka sare tuddai, aka cike kwaruruka. Shi ya sa kalmar diga ta zauna a bakin tsofaffi da ma'ana biyu, sunan kayan aiki da kuma sunan wani zamani na wahala.

Mai karatun da bai taɓa shiga jirgin da ba zai iya tambaya, me ya bambanta mararraba da sauran tashoshi? Amsar tana cikin yadda aka gina dogon Najeriya. Layi ɗaya ne tal, shi mai zuwa yake bi, shi mai dawowa yake bi. Jirage biyu ba sa giftawa sai a tasha, inda aka yi ƙarin layuka a gefe. Direba ba ya barin tasha sai an ba shi shaidar cewa hanya tasa ce shi kaɗai har tasha ta gaba, bayan shugabannin tashoshin biyu sun yi magana ta waya. A ƙaramar tasha sau ɗaya ake wannan lissafi, gaba da baya. A Kafanchan kuwa fuska uku ake kallo lokaci guda. Jirgin kaya zai iso daga kudu da taragai a gauraye, wasu na Jos, wasu na Kano, sai an kwance su an jera kowanne a layinsa, an sake ƙulla su. Kan jirgi na zamanin tururi ba ya tafiya sai da ruwa da kwal, ga hawan tudun Filato a gabansa, don haka dole a yi masa wurin shan ruwa da rumfar gyara, wadda ma'aikata ke kira loko. Direba da mai zuba kwal da suka kwana a hanya nan za su sauka, wasu su karɓa. Kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan mutum ne ke yin sa, mutumin kuma yana da mata da 'ya'ya, yana son ɗaki da kasuwa da makaranta da wurin ibada.

Haka garin ya haɗu. Akawuna da direbobi da makanikai, galibi Ibo da Yarbawa da sauran mutanen kudu waɗanda suka riga shiga makarantar boko, suka zauna a kwatas ɗin reluwe. Fatake Hausawa suka biyo dogo da goro da gishiri da tufafi. Mutanen ƙasar, Fantswam da Bajju da Kagoro da Kaninkon da Ham da Atyap da sauransu, suka shigo da doya da acca da itace da ƙarfin damtsensu. Hausa ta zama harshen da ya haɗa kowa, daga kan dandamalin tasha har cikin coci. 'Yan mishan suka buɗe makarantu, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna. Har sarauta sai da ta biyo jirgi: a 1933 Sarkin Jama'a ya taso da fadarsa daga tsohon garin Jama'a ya dawo Kafanchan. Masarautar da Malam Usman ya kafa wajen 1810, a ƙarƙashin Zazzau, ta ga inda harka ta koma.

Wannan ƙaura tana da nata baya. Tambayar wane ne mai gari da wane ne baƙo ta daɗe tana cin mutanen Kafanchan, kuma tana ƙarƙashin rigingimun da suka sa sunan garin ya shiga jaridu, na Maris 1987 da ya faro daga Kwalejin Ilimi, da na 1999, da na bayan zaɓen 2011 wanda ya cinye babbar kasuwa. Amma garin da ya ga wannan shi ne kuma ya haifi Biyi Bandele a 1967, ɗan Yarbawa, wanda mahaifinsa ya yi yaƙin Bama. Ya tashi a Kafanchan, ya zama marubucin da duniya ta sani, shi ne ya ba da umarni a fim ɗin Half of a Yellow Sun na 2013, ya rasu a 2022. Irinsa suna da yawa a Legas da Inugu da Landan, mutanen da sunansu na kudu ne amma Hausarsu ta bakin tasha ce.

Akwai wani abin mamaki a taswirar dogon da Turawa suka bari, wanda shi ne sirrin girman Kafanchan. Babu layin da ya haɗa yamma da gabas a kudancin ƙasar. Dukkan layukan daga cikin ƙasa suke gangarawa teku, domin an yi su ne don fitar da kaya, ba don sada 'yan ƙasa da juna ba. Saboda haka mutumin Legas da ke son zuwa Inugu a jirgi sai ya hauro har Kaduna, ya juyo ta Kafanchan, sannan ya gangara. Mai zuwa Jos daga Legas, ta nan. Mai zuwa Kano daga Fatakwal, ta nan. Da aka ja sabon layi daga Kuru, kusa da Jos, tsakanin 1958 da 1964, ya bi ta Bauchi da Gombe har Maiduguri, kimanin kilomita 640, sai dukkan arewa maso gabas ta zo ta rataya a wuyan wannan mararraba. Gyaɗa da auduga da fatu da shanu suna gangarawa, manja da gari da katako da man fetur da siminti suna haurowa. Ba banza ba Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955, ta ajiye hedikwatar gundumarta ta arewa ta tsakiya a Kafanchan, sahu ɗaya da Zariya da Inugu da Ibadan.

Isowar jirgin fasinja kuwa kasuwa ce sukutum. Tun da jirgi yakan jima a tsaye, ana sauya kai ko ana jiran wani ya iso, fasinjoji sukan sauko su miƙe ƙafa. Masu tuwo da masu dafaffiyar doya, masu ayaba da lemo da rake, masu tsire da masu shayi, kowa ya san lokacin jirgi fiye da agogo. Ciniki ta taga ake yi, kuɗi su sauko, kwano ya hau. A aji na ɗaya akwai gado, a aji na uku benci ne na katako, da buhuna da kaji da yara a tsakanin ƙafafu. Ɗalibai masu komawa makaranta, sojoji masu tafiya hutu, mata masu kai kaya Aba ko Kano, duk a nan suke cuɗanya. Jirgin ba ya sauri, kuma makara ba baƙuwarsa ba ce, amma kuɗinsa talaka yana iyawa, kayan da zai ɗaukar masa kuma babu motar da za ta ɗauka a wannan farashi.

Dogon nan ya ɗauki baƙin ciki ma. A 1966 ta kansa dubban mutanen gabas suka gudu gida, cikinsu har da ma'aikatan reluwe da suka yi shekaru a Kafanchan, aka bar hukumar da giɓin gwanaye. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse ƙafar kudu. Wata guda da gama yaƙin, a Fabrairun 1970, jirgi cike da fasinjoji ya kauce daga layi a Langalanga, tsakanin Kafanchan da Lafiya, mutane masu yawa suka halaka. Har yau in ana lissafa munanan haɗurran jirgin ƙasa a Najeriya sai an ambaci sunan ƙauyen.

Daga nan sai gangara. A 1964 jiragen ƙasar Najeriya sun ɗauki fasinja sama da miliyan 11, amma zuwa 1974 adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 5. Kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta karkata ga titunan mota, tireloli suka kwashe kayan da taragai ke ɗauka. Kuza ta faɗi, kwal ya mutu, dalar gyaɗa ta ɓace, wato abubuwan da aka gina layin dominsu sun tafi. Shi kuwa layin yana nan yadda Bature ya bar shi, da lanƙwasa masu tsanani da gadoji masu tsufa. An yi ta kawo masu magani. An ɗauko ƙwararru daga Indiya suka riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, abubuwa suka ɗan farfaɗo, suna tafiya aka koma gidan jiya. An ba Samuel Ogbemudia riƙo a 1989. Gwamnatin Janar Sani Abacha ta ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar gyara a 1995. Kowane zuwa sai a ga sababbin kawunan jirgi da sabon fenti, bayan 'yan shekaru a ji shiru, ma'aikata su koma jiran albashi, tsofaffinsu su koma jiran fansho.

Yunƙuri na baya da ya kai ga jirgi ya sake yin kuka a Kafanchan shi ne na zamanin Shugaba Goodluck Jonathan. An raba gyaran layin gabas gida uku, Fatakwal zuwa Makurɗi, Makurɗi zuwa Kuru, Kuru zuwa Maiduguri, kowanne da ɗan kwangilarsa. A 2015 aka ƙaddamar da jirgin Gombe zuwa Kaduna ta Kafanchan, aka kuma dawo da na Fatakwal zuwa Kano. Murnar ba ta yi tsawon rai ba. Ƙarshen layin na Borno yana hannun rikicin Boko Haram, sauran kuma gyaran bai riƙe ba.

A Maris 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da sake gina layin Fatakwal zuwa Maiduguri gaba ɗayansa, kilomita 1,443, aikin da aka ce shi da abubuwan da ke tattare da shi zai ci kusan dala biliyan 3, kuma rancen waje ake sa ran zai ɗauki mafi yawan nauyin. Rancen ya yi nawa. Zuwa 2024 abin da aka kammala har jirgi ya hau shi ne daga Fatakwal zuwa Aba, kimanin kilomita 62.

Layin da jirgi ba ya bi kuwa ba ya zama lafiya. Ciyawa ta rufe shi, ruwan sama ya zaizaye gefensa, masu gini su matso. Mafi muni su ne ɓarayin ƙarfe, waɗanda ke zuwa da na'urar yanka da tirela, su datse dogon gunduwa-gunduwa su kai wa masu narkarwa. A 2021 jami'an tsaro sun yi ta kama motoci maƙare da ƙarafan dogo a kudancin Kaduna da jihar Nasarawa. Wannan ba aikin yaro mai buhun jari-bola ba ne, sana'a ce mai jari da dillalai. Kowane ƙarfen da aka cire kuma ƙari ne a kan kuɗin da za a nema ran da aka tashi gyara.

Abin da masu alkawari suka cika mantawa shi ne, mararraba ba a raya ta gutsure-gutsure. Ƙaramar tasha tana iya rayuwa da jirgi ɗaya mai kai da kawowa. Kafanchan kuwa amfaninta shi ne haɗawa: kayan Gombe su sami hanyar Fatakwal, fasinjan Makurɗi ya sami hanyar Kano. In ƙafa ɗaya ce ke aiki, ta zama ƙarshen layi kawai. Kuma ba a rasa abin ɗauka ba. A daidai lokacin da dogo ya iso ne noman citta don sayarwa waje ya fara bunƙasa a ƙasar Jaba da Kachia da Kagarko da Jama'a, yankin da har gobe shi ne cibiyar citta a Najeriya, duk da annobar da ta ruɓar da gonaki a daminar 2023. Yau buhunan busasshiyar citta a bayan tirela suke tafiya Legas, suna biyan kuɗin gas da na shingayen hanya, wani lokaci motar ma ta tsallaka tsohon dogon a kan hanyarta ta fita gari. Ga masara da doya da waken soya, ga ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, waɗanda kuɗin mota ya zame wa iyayensu kaya tun da aka cire tallafin man fetur.

Wata ƙofa ta buɗe a Maris 2023, lokacin da aka gyara tsarin mulki aka cire harkar jirgin ƙasa daga jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu. Yanzu jiha ma tana iya sa hannu. Filato ta gwada: gwamnatin Caleb Mutfwang ta haɗa kai da hukumar jiragen ƙasa aka dawo da jirgin jigila a kan tsohon layin, tsakanin Jos da Bukuru da Kuru. Layin Kaduna zuwa Kafanchan kuwa tun daga farkonsa har ƙarshensa cikin jiha ɗaya yake, ya ratsa Kajuru da Zangon Kataf, yankunan da matsalar tsaro ta addaba, inda duk mai niyyar sa jirgi sai ya fara tunanin yadda zai tsare shi. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 bai bar kowa cikin duhu ba game da wannan.

Shi jirgin Abujan, wanda aka buɗe a Yulin 2016, ko an so ba zai iya leƙowa Kafanchan ba. Faɗin layinsa milimita 1,435 ne, na tsohon dogo 1,067, wato matsalar da ta sa ake sauke kuza a Zariya shekara ɗari da suka wuce ta dawo da sabuwar riga. A Rigasa ta Kaduna yake tsayawa. Jirgin jigilar Filato yana juyawa daga Kuru, tafiyar da ba ta kai kilomita 70 ba daga dandamalin Kafanchan. Na Fatakwal kuma yana juyawa daga Aba.